Inna Mai Ba Wa Yadi Kunu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, Allah Ya karɓi ran uwar mijina, wadda babba da yaro a ƙauyen nan Inna suke ce mata. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ta yi tana cewa ƙirjinta ya yi nauyi, a na biyar ta tafi.

Na je zaman makoki da dama, amma ban taɓa ganin inda mai gaisuwa ta zo da bargo a ka ba sai a na Inna. Wata tsohuwa daga wajen Dawakin Tofa ta sauke ƙunshinta a tsakar gida, ta warware bargon ƙyallaye, ta ce mu zo mu duba. "Shekara goma sha biyar ina rufa da shi," in ji ta, "ku nuna min inda zare ya tashi." Ba wanda ya nuna mata. Ta naɗe abinta, sannan ta fashe da kuka. Daga nan kowace mace ta shiga ba da labarin nata bargon, wannan ta ce da zannuwan uwarta aka yi, waccan ta ce da rigunan mijinta. Har sai da matar liman ta ce a rage hira a yi wa mamaciya salati.

Aminiyar Inna, wata Babarbariya da iyayenta suka zauna a nan tun kafin a haife mu, ita ba ta yi kuka da farko ba. Ta zauna a ƙofar ɗakin Inna tana faɗa. "Bafillatanar nan ta tafi ba sallama. Halinsu ne, da ma ba su iya zama wuri ɗaya ba." Shekara da shekaru suna wannan tsokana, kowace tana cewa ɗayar baiwarta ce. Da ta ga ba mai rama mata, sai ta ja lafayarta ta rufe fuska.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce Auta. Jikar Inna ce, 'yar ƙanwar mijina. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, Inna ta raine ta da nonon saniya da kunu, shi ya sa take kiranta Auta kamar ita ta haife ta. Bara aka yi mata aure, bana aka kawo ta gida goyon ciki, cikin fari, don ta haihu a gaban Inna. Ranar makokin tana zaune jingine da bango, ƙafafunta a kumbure, ta ɗora hannu a ciki, ko hawaye babu. Mata suna shigowa su kalle ta su kau da kai. Ba wadda ta faɗa, amma duk abu ɗaya muke tunawa.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Inna, kuma don hannuna ya sami abin yi. Dalilin na biyun zai zo a gaba.

Sana'ar Inna haɗa bargo ce da ƙyallaye. Ta yanka su ta jera, ta ɗinke da hannu, ta saka tsohon zane a tsakiya don nauyi, ta yi masa baya da yadi guda. Masu yin haka suna da yawa, amma atamfa kawai suke taɓawa, don ita inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Inna ce kaɗai a yankin nan take karɓar gyale mai santsi, da siliki, da lafaya, da yadin hijabin nan na zamani mai miƙewa kamar roba. Duk wadda ta taɓa ɗinki ta san masifarsu. Kina yanka yana zamewa, kina ɗinki yana tafiya, ki auna taƙi ɗaya ki gama ki tarar da ɗaya da rabi.

Ita kuwa kunu take ba su. Haka take faɗa. Ta dama gasara ruwa-ruwa, ta bari ta huce, ta tsoma yadin a ciki, ba ta matsewa, ta shimfiɗa a kan tabarma a inuwar rumbu ta danne gefe da duwatsu. Idan ya bushe sai ya yi ƙarfi har yana ƙara, almakashi ya bi shi ba gardama. "Yadi mai santsi baƙo ne," in ji ta, "ba ya zama sai ya sha kunu." Daga nan ta ɗora kowane ƙyalle a kan takarda ta riƙe su da manyan taku na baƙin zare, waɗanda za a zare daga baya. Ba ta jera masu santsi biyu gefe da gefe, sai ta saka atamfa a tsakani, wai kowace marar natsuwa a ba ta maƙwabciya mai natsuwa. A kan mai miƙewa kuma maganarta ɗaya ce: "Kada ki ja shi. In kin ja shi yau, gobe zai rama." Sai an gama komai ake yage takardun a wanke bargon, laushinsa ya dawo.

Ni tela ce. Da keken ɗinkina aka kawo ni gidan nan, kuma ba zan ɓoye ba, da girman kai na zo. Ina ganin tsohuwa tana wata uku a kan abin da keke zai yi a kwana biyu, raina ya ce taimako ya wajaba. Wata rana ta tafi barka unguwar gabas, na shiga ɗakinta na kwashi ƙyallayen da ta yanka ba ta kai ga ba su kunu ba, na hau keke. Silikin ya riƙa tattarewa a ƙarƙashin allura, mai miƙewar ya yi ta tsawo, ni kuma ina ja ina dannawa ina cewa guga za ta gyara. Da na gama, abin ya ƙi kwanciya a ƙasa, tsakiyarsa ta tashi kamar an kifa ƙwarya a ciki.

Inna ta dawo ta gani. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ɗauko reza da kujera 'yar tsugunne, ta zauna a tsakiyar gida inda kowa zai wuce, ta shiga farke ɗinkina taku ɗaya-ɗaya. Kwana uku tana yi. Duk wadda ta shigo ta tambaya sai ta ce, "Aikin injiniya nake dubawa." Na yi kuka, na ce wa maigidana gidanmu zan tafi. Ya ce in tafin zan yi in bari a gama farkewa, kada a ce gudu na yi. Wata guda muna gaisuwar safe kawai ni da ita. Tun daga lokacin ba ta sake kirana da wani suna ba sai 'yar keke.

Ita ta fara saukowa, amma ta hanyarta. Ta zo ƙofar ɗakina da tarin tsofaffin littattafan rubutu na 'yan makaranta, waɗanda take yagewa tana ɗora ƙyalle a kai. Ta ce, "'Yar keke, tunda an ce kin yi boko, duba min ko da sunan Allah a ciki." Ba ta iya karatun boko ba, kuma tana tsoron ta soka allura a sunan Ubangiji ko ta yage shi ta zubar. Na zauna na bi shafi-shafi, duk inda na ga an rubuta bisimilla ko darasin addini na ware. Shi ke nan sulhunmu. Shekara goma sha huɗu ina yi mata wannan aiki, kuma ko sau ɗaya ba ta ce na gode ba. Sai dai in tarar da ƙwai biyu a faifai a bakin ƙofata.

Abin kunyar shi ne, a duk shekarun nan ban koyi aikin ba. Ina kallo, ina jin maganganun, amma ban taɓa dama gasarar da hannuna ba. Ina ganin ai tana nan.

A shekarata ta uku a gidan na yi ɓari, cikin wata biyar. Mata suka yi ta shigowa da maganganu, wannan ta ce aiki ne ya yi min yawa, waccan ta ce keken ne nake takawa. Inna ta kore su duka, ta ce wadda ta san abin da ya kawo shi ta je ta buɗe asibiti. Ta fita ta dawo da wani bargo ta lulluɓe ni. Bayansa ba yadi mai kauri ba ne irin wanda ta saba, hijabanta ne guda biyu masu laushi ta farke ta haɗa. Ta ce jikin da ya sha wuya ba ya son abu mai kaushi. Sai daga baya na lura da hijabi ɗaya ta yi ta zuwa unguwa har ƙarshen shekara.

Tana da nata halin, ba zan mai da ita waliyyiya ba. Ba ta ba da aron almakashi ko ga limamiya. In kika kawo mata ƙyalle mai datti za ta mayar miki a gaban mutane. In tana ɗinki ba ta amsa sallama sai ta kai ƙarshen layi, ko da kuwa dagaci ne a zaure.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni.

Gyalullukan uwar Auta suna nan a adakar Inna tun rasuwarta, guda shida, duk masu santsi, da hijabi biyu masu miƙewa. Da aka tabbatar Auta na da ciki, Inna ta fito da su ta ce za ta yi mata bargon jego da kayan uwarta. Ta ba su kunu, ta yanka, ta ɗora a takarda, ta haɗa fiye da rabi. Sauran ƙyallayen suna ƙunshe a adaka da kafur saboda kiyashi, don kiyashi na son gasara.

Washegarin sadakar uku, kamar yadda aka saba, mata suka taru za a wanke kayan mamaciya kafin a raba wa magada. Ni ce a kan tukunya, baƙi sun cika gida, aka ce ina makullin adaka. Na miƙa, na ce su kwashe duka. Da bakina na faɗa. Su kuma bayin Allah suka ga ƙyallaye sun sandare suna warin gasara, suka ɗauka datti ne, suka jiƙa a baho da omo suka cuɗa da ƙarfinsu. Lokacin da na leƙa, takardun sun narke sun zama dusa, gyalen ya koma ruwa a hannu, bakin kowane ƙyalle yana zare, masu miƙewar sun nannaɗe kamar ganyen da ya ji wuta. Rabin da Inna ta haɗa ma ya karkace. Na zauna a ƙasa a wurin.

Maigidana ya dawo daga gonar albasarsa ta Watari ya tarar da ni haka. Ya ce, "Ƙyalle ne fa. Ranar kasuwa in shigo da bargo daga Ɗambatta." Auta ce ta taso a hankali, tana dafa bango, ta ɗauki wani koren ƙyalle daga igiyar shanya ta kai hancinta. Ta ce, "Anti, zai gyaru?"

Na ce, "Zai gyaru. Kafin ki sauka zan gama shi."

Ban san ko zai gyaru ba lokacin da na faɗa. Abin da na sani shi ne, a awon da ya wuce ma'aikaciyar asibiti ta ce jininta ya hau, ta ce kada a yarda ta yi naƙuda a gida, da ta ji ciwon kai ko ta ga duhu-duhu a kawo ta. Yarinyar da ba ta taɓa ganin uwarta ba, ga kakarta ta tafi, abu ɗaya da ya rage mata na su biyun ni na sa aka lalata. Na sa wa raina cewa in na gama bargon nan kafin ranar, za ta shiga ɗakin haihuwa da ƙarfin zuciya. In ban gama ba, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Gasarar farko da na dama ta yi kauri, gyalen ya bushe da fari-fari yana karyewa. Ta biyu ta yi ruwa, bai ji komai ba. Na shanya a rana don sauri, ya yamutse, na tuna ita a inuwa take yi. Na manta duwatsu, akuya ta ja guda ɗaya ta tauna gefensa, na bi ta da muciya ina kuka ina zagi. Sai a ta huɗu na ji ƙarar nan da na sani. Na rufe keke da zane don kada ya ja ni. Na ware takardu, wannan karon ba mai kawo min, ni ke dubawa ni ke yagewa. Ƙyallayen da bakinsu ya zare sai da na rage su, don haka nawa sun fi na Inna ƙanƙanta, kowa ya kalla zai ga inda hannunta ya tsaya nawa ya fara. Sau biyu na ja mai miƙewa ba da sanina ba, ya kuwa rama, na farke. Yatsuna duk sun huje.

Ina ɗinki ina kallon Auta. In ta yi shiru in ce kanki ne? In ta tashi in ce ina za ki? Har ta ce, "Anti, ke za ki sa min hawan jinin." Kullum da safe sai na danna ƙafarta da yatsa in ga ko ramin zai koma. Ba ya komawa da wuri.

Kwana ashirin na yi a haka. Shekaranjiya da hantsi na shimfiɗa shi a tsakar gida, na saka zanen tsakiya, na yi baya, na naɗe baki uku. Saura baki ɗaya, aikin da bai fi na yini ba. Na zura zare ke nan aminiyar Inna ta yi sallama, karonta na farko tun sadakar bakwai. Ta tsaya a kaina tana kallo. Na ɗauka yabo za ta yi, ko ta ce ɗinkina ya yi kama da na 'yan koyo. Sai ta sunkuya ta riƙe min wuyan hannu.

"Gamawa za ki yi?"

"Yau in Allah Ya so, Hajiya."

"Wa ya ce ki gama?"

Na ce ai na jego ne, kuma ga lokaci ya zo. Ta waiga ta ga Auta na ɗaki, ta zauna a gefen tabarma ta rage murya. Ta ce lokacin da uwar Auta ke da cikinta, Inna ta haɗa mata bargo, ɗoki ya kwashe ta ta gama shi tsaf saura wata guda, har ta yi ta nuna wa mata. Tsofaffi suka ce ba a gama wa wanda bai zo ba shimfiɗa, ta yi dariya. "Da shi aka lulluɓe 'yarta aka dawo da ita gida," in ji ta. "Tun daga ranar, duk bargon jego da ta yi wa matan garin nan, baki ɗaya take bari a buɗe sai ta ji kukan jariri. Ke ba ki taɓa lura ba?"

Ban taɓa lura ba. Shekara goma sha huɗu a gida ɗaya.

Na ce, "Hajiya, ai ajali ba ya bin allura."

Ta ce, "Ni za ki gaya wa? Na faɗa mata har bakina ya gaji. Ta ce min, 'Na sani, baiwata. Kaina ya sani. Hannuna ne ya ƙi ji. Na riga malam masallaci sau ɗaya, ba na ƙarawa.'"

Na kalli allurar a hannuna. Na san malamai za su ce camfi ne, kuma gaskiyarsu. Amma kwana ashirin ina gudu da iya ƙarfina zuwa wurin da Inna ta shekara ashirin tana kaucewa, ina ganin alheri nake yi mata. Hajiya ta zare allurar daga yatsuna ta soke a gefen bargon.

Ashe Auta ta fito, tana tsaye a bakin ƙofa. Ban san abin da ta ji ba. Ta ce, "Anti, kin gama?"

Na ce, "Saura baki ɗaya. Sai kin sauka lafiya."

Ta kalli bargon. Sannan ta ce, "In ban sauka ba fa?"

Hajiya ta ce, "Ke, rufe bakinki!" Duk maganganun da ake yi wa mai ciki, za ki sauka, ba komai, Allah na nan, na san an gaya wa uwarta su.

Auta ta taho ta zauna da ƙyar a kan bargon, ta shafa wurin da bai naɗu ba tun daga wannan kusurwa har waccan. Ta ce, "To kada ki taɓa shi. Ni zan naɗe abina bayan suna. Ke dai ki nuna min yadda ake riƙewa kada ya zame." Sai a lokacin ta yi kukan Inna, wanda ba ta yi ba tun ranar Alhamis ɗin. Muka bar ta ta yi.

Na ninke bargon na ajiye a kan gadon Inna. Na haɗa kayan asibiti a jaka, maigidana ya yi magana da mai mota ya ce ko yaushe ne a kira shi. Hannuna ya saba da ɗinki a kwanakin nan, ga shi an hana ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata, Ya lulluɓe ta da rahamarSa kamar yadda ta lulluɓe mu. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, kuma don Allah ya haɗa da Auta. An ce mana haihuwar cikin makon nan ce, kuma yau da safe ta ce kanta na sara mata kaɗan.